Ciwo Na Kullum, Taimako Na Rana Ɗaya

Duk wanda ya taɓa daɗewa a tsaye a kemis ɗin unguwa da yamma ya san irin wannan ciniki. Dattijo zai miƙo takardar da likita ya rubuta masa maganin wata guda, mai kemis ya buga lissafi ya faɗi kuɗi, dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, yanko mini na kwana biyar." Mai kemis ya ɗauko almakashi ya yanka katin maganin. Hawan jini ne ko ciwon suga, kuma su biyun sun san ba ciwon kwana biyar ba ne. In ƙwayoyin nan sun ƙare, sai ranar da Allah ya sake hore kuɗi, ko ranar da kai ya sara, ido ya fara gani dishi-dishi.

Abin da nake gani shi ne, yadda muke taimakon marar lafiya, mu jama'a da gwamnatocinmu baki ɗaya, an tsara shi ne don ciwon da ke zuwa ya tafi. Mutum ya yi haɗari ko an yi masa tiyata, nan da nan asibiti ya cika da 'yan dubiya, ga kwanukan abinci, ga lemo da ayaba, kowa ya tashi tafiya ya cusa abin da ya sawwaƙa a ƙarƙashin matashi. Al'ada ce mai kyau, Allah ya bar mu da ita. Amma ƙarfinta na mako biyu ne ko uku. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai asma, mai farfaɗiya, mai sikila, mai ciwon ƙoda, su ba a sallamarsu. Watan farko gida cike yake da mutane. Wata na shida daga matarsa sai babban ɗansa. In an shekara uku sai ka ji ana cewa, "Ai wane ya saba da ciwonsa." Shi ya saba, kuɗin magani kuwa kowane wata sabo ne. Magani a wurin waɗannan bayin Allah cefane ne, na jiya ba ya isar wa yau.

Yadda ciwo irin wannan ke cin gida yana da tsari, kuma kusan ɗaya ne ko'ina. Da fari a taɓa ɗan abin da aka ajiye, a roƙi uwar adashi ta ba da kwasa kafin lokaci. Daga nan akuya da tunkiya su tafi kasuwa. Sai uwargida ta ciro ɗan kunne da sarƙar da take ajiya tun aurenta, ba tare da an tambaye ta ba. Bayan wannan ne ake shiga abin da ke kawo abinci: keken ɗinki, injin markaɗe, babur ɗin haya, jarin shago. Gona ita ce ta ƙarshe, a fara da jingina, a ƙare da sayarwa. Ranar da aka sayar da abin sana'a don sayen maganin wannan wata, an sayar har da na watanni masu zuwa, domin babu sauran inda kuɗi zai fito. Ga shi mai ciwon ya rage fita nema, mai jinyarsa ma ta ajiye tata sana'ar. Sau da yawa yarinya ce 'yar sakandare ake cewa ta ɗan dakata da makaranta ta kula da Baba, dakatawar da ba a komawa.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba sa cikin takardar likita. An ce mai suga ya rage tuwo da shinkafa, ya riƙa cin ganye da wake da acca da kifi, wato gidan da da ƙyar ake ɗora tukunya ɗaya yanzu sai an ɗora biyu. Allurar insulin tana son sanyi, wuta kuwa babu, shi ya sa za ka tarar an sa kwalbar a gindin randa ko cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi. Na'urar awon suga sau ɗaya ake saye, amma tsinken da ake ɗiga jini a kai kullum ƙarewa yake yi. Kuɗin mota zuwa ganin likita ya ninka tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Mutumin ƙauye zai yi sammako, ya biya mota, ya yanki kati, ya yini a layi, a rubuta masa gwaji uku, ya koma gida bai yi ko ɗaya ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da ciwon ke yi wa zuciyar mai shi. Magidancin da ya saba bayarwa ya koma mai jiran a ba shi. Ya lura cewa in ya kira ƙaninsa a waya, sai ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Sai ya fara ɓoye ciwo. "Ya jiki, Baba?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Alhali ƙwayar da aka ce ya sha ɗaya kullum, ɓalla ta yake yi biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Ranar ganin likita a auna a ga jini ya hau, likita ya yi faɗa, "Baba, ba ka shan magani, so kake ka kashe kanka?" Dattijo ya sunkuyar da kai, domin ba zai iya cewa a gaban ɗan cikinsa ba shi da kuɗi ba. A rubuta a fayil cewa ba ya bin umarni. Da likitocinmu za su riƙa farawa da tambayar, "Nawa kake iya kashewa a wata?" da an rubuta wa mutane da yawa magani mai sauƙin kuɗi da za su iya ɗorewa a kai, maimakon mai tsadar da za a saya sau ɗaya a daina.

A nan ne mai maganin gargajiya da lasifika yake samun kasuwa. Likita ya ce za ka sha magani har ƙarshen rayuwa, shi kuwa ya ce jarka ɗaya ta raba ka da suga har abada. Wanda aljihunsa ya bushe, wanne zai zaɓa? Ban ga laifinsa ba. Laifin yana kan wanda ya yi masa ƙarya, da hukumar da ta bari ana wannan talla a tasha da kasuwa da gidajen rediyo, alhali wasu haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ne ke ƙarasa ƙodar da ciwo ya riga ya raunana.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan. Mafi yawan magungunanmu daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadarinsu daga Indiya da Sin yake zuwa, da dala. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin magani ya bi ta. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin da masu asma ke shaƙa, ya sanar zai daina harka da kansa a ƙasar. Kafin ƙarshen shekarar Sanofi, mai yin insulin ɗin Lantus, shi ma ya sanar zai miƙa kasuwancinsa ga dillali. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji daga kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Mataki ne mai kyau, amma wanda ke tsaye gaban mai kemis bai ga farashi ya koma inda ya baro ba.

Mu ɗauki wankin ƙoda, tunda shi ne ya zama abin tsoro a Arewa, musamman garuruwan bakin kogi daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, inda ciwon ya yi yawan da har gwamnatin Yobe ta gayyato masana daga Ingila su taya na gida binciken musabbabinsa. Wanda ƙodarsa ta daina aiki, ƙa'ida a yi masa wanki sau uku a mako, kowanne wajen awa huɗu. A 2025 gwamnatin tarayya ta ce ta rage kuɗin wanki ɗaya daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Azare. Sai mu buga lissafi. Wanki 12 a wata a tsohon farashi Naira 600,000 ne. A sabon farashi 144,000. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Ke nan ko bayan ragin, ƙaramin ma'aikaci sai ya haɗa albashin wata biyu cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kusa biyan wankin wata ɗaya. Ba a sa allurar ƙarin jini ba, ba a sa gwaje-gwaje da kuɗin mota ba. Shi ya sa mafi yawa suke yin sau ɗaya a mako, daga baya sai in jiki ya kumbura numfashi ya gagara, daga baya a ce a koma gida a yi ta addu'a. Yobe tana yin wankin kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu, kuma ta cancanci yabo. Dashen ƙoda, wanda asibitin Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, miliyoyi yake ci, bayan an yi kuma akwai maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, wanda shi ma na har abada ne.

Ina goyon bayan kowace Naira da aka sa a wankin ƙoda. Amma a tambayi likitocin sashen, za su ce manyan hanyoyi biyu da ke kawo mutane kan wannan gado su ne hawan jini da ciwon suga da aka shekara da shekaru ba a kula da su ba. Haka shanyewar ɓarin jiki, haka ƙafar da ake yankewa, haka makantar da ke zuwa wa mai suga. Kusan babba ɗaya cikin uku a ƙasar nan yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Maganin hawan jini na wata guda irin amlodipine bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsohon kuɗin wanki ɗaya ba. Mun bar mutum shi kaɗai lokacin da ƙaramin kuɗi zai tsare shi, sai da ya kai inda miliyan ba ta isa sannan muka taru a kansa.

Taruwar ma wace iri ce? A ɗauki bidiyon mutum yana kwance, ciki a kumbure, a sa a Facebook da TikTok da lambar asusu a ƙasa, ana cewa a taimaka fi sabilillahi. Masu wannan ɗawainiya da yawansu don Allah suke yi, kuma sun ceci rayuka. Sai dai duba abin da tsarin ke nema daga majinyaci: sai ya tone asirinsa a gaban duniya, sai kuma ciwonsa ya yi munin da zai sa mai kallo hawaye. Matar da ke buƙatar insulin na wata mai zuwa, tana tafe da ƙafarta, mayafinta fes, ba wanda zai tura mata ko sisi, domin ba ta yi kama da abin tausayi ba tukuna.

Addininmu bai bar mu ba hanya ba. Hadisin Nana A'isha sananne ne, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Musulmin farko sun gane ciwo yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa, shi ya sa suka jingina asibitoci da waƙafi. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, dukiyar da aka tsayar masa ce take biyan likitoci da magani da abincin majinyata, kuma ya yi ƙarnoni yana aiki. Mu a nan waƙafinmu kusan duk ya tsaya a gina masallaci, wani lokaci a layin da ke da biyu. Attajirin da zai gina shaguna goma ya ce hayarsu ta maganin masu suga da sikila na unguwarsa ce har abada, ya yi sadaka mai gudana wadda ba ta gaza kowace ba. Zakka ma, maimakon a tara mutane a ƙofar gida cikin rana ana miƙa 'yan dubbai, me zai hana a ɗauki nauyin maganin mutum hamsin na shekara, a biya kai tsaye, sunayensu kuma su tsaya tsakanin mutum biyu ko uku? Hukumomin zakka da waƙafi na Sakkwato da Kano da Zamfara suna da hurumin tsara wannan. Kowane masallacin Juma'a yana iya sayen na'urar awon jini, a sami ma'aikacin lafiya cikin mamu ya riƙa auna mutane bayan sallah.

Duk da haka, kyautatawar jama'a ba za ta ɗauke wa gwamnati nauyinta ba, kuma kada wani ya ce mana abin ba ya yiwuwa, domin ana yin sa a gabanmu. Tun 2006 maganin cutar ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma mutane sama da miliyan ɗaya suna karɓa. Mai wannan ciwo yana da rajista, yana da kati, ana ba shi maganin wata uku ko shida a tafi ɗaya, in bai zo ranar karɓa ba a kira shi a waya, wani lokaci a bi shi har gida. Mai tarin fuka ma kyauta ake ba shi maganin wata shida. Ƙanjamau ciwo ne na har abada kamar hawan jini, maganinsa kuma ya fi tsada. Ma'aikatanmu ne suke gudanar da wannan tsari, a asibitocinmu, da Hausa suke yi wa mutane bayani. Ilimin yana nan. An ma gwada makamancinsa a kan hawan jini a ƙananan asibitocin Kano da Ogun tun 2020, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke bin ƙa'ida mai sauƙi suna ba da magani ba sai an ga babban likita ba.

Za a ce ai na ƙanjamau Amurka da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ne suke biya. Gaskiya ne, kuma mun ga yadda hankali ya tashi a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta. Wannan ma hujja ce a kanmu: mun bar masu ba da agaji su zaɓa mana ciwon da ya cancanci kulawa. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Kasafin tarayya ya fi yawan zama a wajen kashi 5. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi, da sunan yaƙi da ciwon suga, amma kuɗin babbar lalita yake shiga, ba a ɗaure shi da maganin mai suga ba. Ghana tun 2003 ta ɗaure wani kaso na harajin kayan masarufi da inshorar lafiya, a 2025 kuma ta kafa asusu na musamman don masu ciwon daji da ƙoda da suga da zuciya. Nijar, da duk ƙuncin da take ciki, ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga Satumban 2024. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi da na Maraɗi ba su fi mu arziki ba.

Inshora fa? A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, har da tanadin asusu don marasa galihu miliyan 83. Yau waɗanda ke cikin tsarin ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba, kuma akasarinsu ma'aikatan gwamnati ne da iyalansu. Manomi da ɗan tireda da mai sayar da ƙosai suna waje. Na cikin ma, kowa ya san amsar da suka fi ji a tagar ba da magani: "Wannan babu, sai dai ka saya a waje." Tsarin taimakekeniya na jihohi, irin na Kano, abu ne da ya kamata a ƙarfafa, amma ma'auninsa a wurina ɗaya ne, ko mai ciwon da ba ya warkewa yana samun maganinsa kowane wata ba tare da ya je waje ba.

Masu sikila suna da nasu kukan daban. Kowace shekara ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024 za ta rage masu zuwa, in an bi ta da gaskiya. Waɗanda aka riga aka haifa kuma fa? Akwai maganin hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon da yawan ƙarin jini, tsohon magani ne ba sabo ba, amma yara ƙalilan ne ke samunsa a kai a kai. Jihar da ta ga ya dace ta wajabta gwaji kafin aure saboda sikila, ya kamata ta ga ya dace ta sayi maganin yaran da ke kwana suna kuka da ita.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne a kasafin jiha. A ware magunguna kaɗan, biyu ko uku na hawan jini, metformin da insulin na suga, abin shaƙa na asma, maganin farfaɗiya, hydroxyurea da folic acid na masu sikila. Jiha ta saye su a dunƙule daga masana'anta, inda farashi ke faɗuwa ƙasa warwas, ta ajiye a kowane asibitin mazaɓa, a buɗe rajista, a riƙa ba da na wata uku kyauta ko a kan kuɗi ƙalilan tsayayye. Gina sabon asibiti yana da rana da ake yanke ƙyalle a ɗauki hoto, wannan kuwa ba shi da ita, shi ya sa ba zai shiga kasafi da kansa ba sai an tura shi. Gwamnoni suna kai kasafinsu majalisa a watannin ƙarshen shekara, majalisu kuma suna zaman jin ra'ayin jama'a. Ƙungiyoyin masu suga da na iyayen masu sikila, da na likitoci da masu harhaɗa magunguna, da limaman da ke sallatar gawarwakin nan, su je wannan zama tare, su nemi a rubuta layin maganin masu ciwon da ba ya warkewa da adadinsa a fili, sannan su riƙa bibiyar nawa aka saki duk bayan wata uku.